Rahoton Ayyukan Shekara: Shirinmu na Kare 'Yan Matan Latino daga Ɗaukar Ciki da Ƙuruciya a Bronx

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum. Kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin aikin da ƙungiyarmu ta ma'aikatan lafiya da malaman makaranta ta yi a bana tsakanin maƙwabtanmu 'yan Latino, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka, waɗanda su ne fiye da rabin mazauna Bronx a birnin New York.

Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) sun nuna cewa a 1991 kusan 105 cikin kowace 1,000 na 'yan matan Latino masu shekara 15 zuwa 19 suna haihuwa a Amurka, kuma zuwa 2022 adadin ya sauko kusan 21. Duk da haka ya ninka na fararen fata fiye da sau biyu, shi ya sa ba mu sassauta ba.

Yawancin ƙarfinmu ya tafi ne wajen zama da iyaye. Mun bi tsarin Families Talking Together, wanda aka gwada a nan Bronx, inda ake koya wa uwa yadda za ta buɗe wannan magana da ɗanta ko 'yarta ba tare da ta ji girmanta ya zube ba. A gidajen da iyali da coci suke da ƙarfin faɗa a ji, yarinyar da aka yi wa darasi a bayan idon mahaifiyarta takan koma gida da tsoro, ba da ilimi ba. Ga matasa kuwa mun yi amfani da manhajar koyarwa ta ¡Cuídate!, wadda ke nuna wa saurayi cewa kare budurwarsa da mutuncin gidansu yana cikin mazantaka. Mun lura samari sun fi sakin jiki idan namiji ne yake jagorantar zaman.

Kwamiti yana jan hankali cewa Latino ba al'umma ɗaya ba ce. Mutanen Jamhuriyar Dominika da na Puerto Rico da Garifuna daga Honduras kowa da al'adarsa, kuma wasu iyayen daga Mekziko harshen Mixtec suke yi a gida, don haka takardunmu na Sifaniyanci ba su isa gare su ba.

A shekara mai zuwa za mu nemi tafintoci daga cikin waɗannan al'ummomi, mu kuma ƙara zaman iyaye maza da yamma bayan tashi daga aiki. Duk mamban da ke jin Sifaniyanci ya ba sakatariya sunansa kafin babban taro.