Likita, ƙafata tana mutuwa a kan feda

Assalamu alaikum Likita. Ina gajiya, yaya aiki da jama'a? Allah ya saka maka da alheri kan wannan shiri na lafiya. Da wuya ya wuce ni, shi ya sa da abin nan ya ishe ni na ce da kai zan yi magana.

Shekaruna 46, ina zaune a Bagalam nan cikin Maradi, da mata da 'ya'ya shida. Sana'ata sarin kayan lambu. Ana sallame asuba nake hawa keke in nufi Jiratawa, in saro zogale, ko salati da kabeji da tumatir in lokacinsu ne, in ɗaure a kariya in kawo wa mata masu kwaɗo da 'yan tebur. Zuwa da dawowa ya kai kilomita 20, ranar Litinin da Juma'a kuwa, da kasuwa ke cika, sawu biyu nake yi. Da can da babur nake wannan aiki. A 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, man 'yan ruwa-ruwa da muke sha ya yi tsada, sai kuma aka rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yuli, ciniki ya kwanta. Na sayar da babur na biya bashi, na fito da tsohon kekena daga zaure. Tun daga ranar shi ne abincinmu.

Abin da ke damuna ya kai wata takwas. In na yi kamar rabin awa ina tuƙi, sai in ji zafi a tafin ƙafar dama, daidai tudun nan da ke gindin yatsu, kamar na taka garwashi. Daga nan yatsa na uku da na huɗu su fara yirr-yirr, kamar tururuwa na yawo a ciki. In na daure na ci gaba, sai gaban ƙafar duka ya sage, in daina jin feda. Ina ganin ƙafar tana juyawa, amma kamar ta wani ce. Wajen tafiya, keke ba kaya, abin da sauƙi. Wajen dawowa ne yake tsanani, in na ɗauro buhu biyu ina dannawa da ƙarfi, musamman inda rairayi ya hau hanya. In na sauka na cire takalmi na ɗan taka, kafin minti goma jin ya dawo, da tsikari kamar ana soka mini allura. A zafin Afrilu da Mayu ya fi saurin zuwa. Da hunturu kuma wani salo ne, yatsun su ƙandare da sanyin asuba tun ban fita gari ba.

Na daɗe ina cewa gajiya ce. Abin da ya sa na daina faɗin haka ya faru makonni uku da suka wuce. Na shigo gari da kaya, wani ɗan kabu-kabu ya yanko gabana, na ja birki na sauke ƙafar dama in dafa ƙasa. Wallahi Likita ban ji ƙasa ba. Ƙafar ta lanƙwashe, keke ya kife da ni, tumatir kwando guda ya watse a kan kwalta. Allah ya tsare babu mota a bayana. Asarar tumatir ba ta dame ni ba kamar tunanin da na kwana da shi: da babbar mota ce ke biye da ni fa?

Tun daga nan kowa da tasa shawarar. Uwargidana ta ce sanyi ne ya shige ni, tana dafa mini ruwan zafi da gishiri in tsoma ƙafa da dare, ta bi da man zafi. Wani dattijo a masallacinmu ya ce in je wanzami ya kafa mini ƙaho a dunduniya, mataccen jini ne ya taru. Akwai ma wanda ya ce ko na taka wani abu ne a hanya. Ban je wanzami ba, ban kuma raina maganar kowa ba, don duk ƙauna ce ta sa suka faɗa.

Wanda maganarsa ta fi kama hankalina shi ne mai gyaran keken da nake kai wa faci. Bai ce komai ba sai da ya duƙa ya duba feda. Robar ta cinye tun tuni, sandar ƙarfen tsakiya kawai ta rage, ni kuma silifa nake sawa mai laushi. Ya ce duk nauyina da na kayan a kan wannan siririn ƙarfe yake sauka, a wuri ɗaya, kuma jijiyoyin da ke kai ji ga yatsu ta tsakanin ƙasusuwan wurin suke bi. In aka matse su na tsawon lokaci dole su yi shiru. Ya sa mini sabuwar feda mai faɗi. Ya kuma ce sirdina ya yi tsawo, shi ya sa nake miƙa ƙafa ina tuƙi da kan yatsu. Ya sa na hau na ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ya yi ta sauke sirdin har ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ƙuguna ya karkata ba, kamar yatsu biyu ya rage. Ya ce in riƙa tura ƙafar gaba kaɗan, feda ta zauna bayan tudun yatsun, in kuma nemi takalmi mai taurin ƙasa.

Na ga bambanci, ba zan ɓoye ba. Yanzu sai na kusa shigowa gari kafin ta fara. Wajen takalmi ne na yi kuskure. Na sayi na gwanjo mai igiya, ƙasansa da tauri, amma bakinsa tsukakke ne. Da safe daidai yake, rana na ɗagawa ƙafa ta kumbura, ya matse yatsun, abin ya fi na da muni. Yanzu igiyar gaba a sake nake barinta. Ina son ka faɗa mini ko akwai irin takalmin da ya dace da mai aiki irin nawa a wannan zafi namu, wanda talaka zai iya saye, ko kuma abin da zan shimfiɗa a ciki.

Amma gaskiyar abin da ya sa na rubuto ba feda ba ce, Likita. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ciwon suga ne ya kwantar da shi. Shi ma da ƙafa ya fara. Yakan ce kamar ya sa safa alhali babu komai a ƙafarsa. Wata rana ƙusa ta shige shi a gona bai sani ba sai da wurin ya ruɓe, ƙarshe yatsu biyu aka cire masa. Ni na yi jinyarsa, na san warin wannan ciwo. Akwai wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya da na ɗan gutsura wa maganar. Ta ce mutuwar ƙafa ta suga yawanci ƙafa biyu take kamawa tare, ta fara daga yatsu tana hawa, ta fi damun mutum da dare, kuma ba ruwanta da ko ka hau keke ko ba ka hau ba. Ta ce wani lokacin ma daga ƙugu abin yake tasowa, in jijiyar baya ta matsu, ko daga ƙarancin bitamin B12. Ta hana ni ruwan zafin nan, wai ƙafar da ba ta ji sosai tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Ta ce in je a auna jinina da safe kafin in ci komai, in sugan da ke ciki ya kai giram 1.26 a lita a sake aunawa a tabbatar.

Da ta faɗi haka hankalina ya ɗan kwanta, don tawa ƙafa ɗaya ce, kuma tana warwarewa in na sauka. Ko shekaranjiya ƙarangiya ta kama ni a lambu, na ji ta sarai. To amma cikin makon nan sau biyu ina farkawa tsakar dare da zafi a tafin ƙafa, har da ta hagu. Ƙishirwa ma tana damuna, sai dai wanda ke tuƙa keke cikin rana ta yaya zai gane ƙishirwar aiki da ta ciwo? Har yau ban je awon ba. Kuɗin yana ciki, da kuma safiyar da zan rasa, don masu kwaɗo ba sa jira. Amma babban dalili tsoro ne. Ina tsoron a ce mini in ajiye keke, ni kuwa ban da abin da zan kama in na ajiye shi.

Don Allah Likita ka fayyace mini, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wannan da na kwatanta ya yi kama da matsewar jijiya ta feda, ko akwai alamar da ta sa ka ce kada in ƙara kwana ban je asibiti ba? Jijiyar da ake matsewa kullum haka, tana kai wa inda jin ba zai dawo ba? Ina sauka sau ɗaya a hanya in motsa yatsu, ko ya kamata in ƙara, ko in raba kayan in daina sawu biyu? Kuma in awo ya nuna suga ne, mai suga yana iya ci gaba da hawa keke da kaya?

Ban faɗa wa uwargidana maganar farkawar dare ba, ita ma ta ga abin da ya sami yayana. Shi ya sa nake roƙon kada a ambaci sunana a shirin. In amsar ta zo ina hanya, babban ɗana zai ɗaukar mini a waya in saurara da dare.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka,
wani mai sarin zogale daga Bagalam, Maradi