Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke kan ruwa a Giranada, tsibiri a tekun Karibiyan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Babana, na saurari saƙonka har sau uku. Ka ce guguwar saura kwana uku ta iso, ka ƙara anga ta biyu, kuma a jirgi za ka kwana don ka riƙa duba igiyoyi. Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni barci. Shi ya sa na zauna rubutu bayan sallar asuba, don na san in a waya ne musu za mu yi.

Na san abin da masu jiragen wajenku ke faɗi, wai Giranada ta yi kudu da yawa, mahaukaciyar guguwa ba ta bi ta nan. Haka aka yi ta faɗi har ranar 7 ga Satumba 2004, da guguwar Ivan ta sauka ta kware rufin yawancin gidajen tsibirin, jiragen da aka fitar aka ɗora kan tudu ma suka riƙa faɗuwa kan juna. Ranar 1 ga Yuli 2024 kuma guguwar Beryl ta daki tsibirin Kariyaku, nan kusa da ku, da iska mai gudun kilomita 240 a awa. Waɗanda suka cusa jiragensu cikin itatuwan fadamar Tyrrel Bay, wurin da kowa ya ɗauka maɓoya ce, da yawansu sun dawo sun tarar da su a cakuɗe, wani kan wani. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

In gudu za ka yi, tsibirin Tirinidad da ke kudu da ku tafiyar dare ɗaya ce, kuma yau ake tashi. Wanda ya jira sai an ba da gargaɗin da ake fitarwa saura awa 36 iskar ta iso, teku ta riga ta kumbura, ya makara. Cibiyar lura da guguwa ta Miyami tana fitar da sabon bayani duk bayan awa shida, kada ka bar ko ɗaya ya wuce ka. Amma ka lura, farin zanen nan na taswira inda tsakiyar guguwar za ta iya bi kawai yake nunawa. Iskar ta fi shi faɗi nesa ba kusa ba.

In kuma a nan za ka bar jirgin, to ka tuɓe shi tsaf. Ƙyallayen iska a kwance su gaba ɗaya a kai ciki, kada ka naɗe ka ce ya isa, iska za ta sami bakin da za ta warware. Rumfa, farantan sola, ƙaramin kwalekwale, duk a sauke. Iska in ta ninka gudunta, ƙarfin turinta sau huɗu yake ƙaruwa. Sarƙar anga ka sake ta ninki goma na zurfin ruwan, ka haɗa da tumbatsar da teku za ta yi a lissafinka. Ka nutsa da kanka ka ga yadda angar ta kama ƙasa. Duk inda igiya ke gogar ƙarfe ka sa mata tiyo ko tsumma mai kauri, don yawanci guga ce ke cinye igiya, ta yi zafi ta narke. Ka dubi maƙwabtanka kuma. Jirgin da mai shi ya tafi ya bari da anga ɗaya, in ya tsinke kanka zai yo.

In ka gama, ka rufe ko'ina, ka ɗau fasfo, takardun jirgi da na inshora, ka hau tudu.

Shekarun da na yi a jiragen dakon kaya, na taɓa ganin igiya mai kaurin damtsena ta tsinke kamar zare, Allah ne ya tsare ba kowa a kusa. A irin wannan iskar mutum ba ya iya miƙewa, sai rarrafe. Ruwan sama kamar ana watsa maka tsakuwa, ko ido ba ka iya buɗewa. To wace igiya za ka gyara da tsakar dare? Kuma ba wanda zai fito ceto sai ta lafa.

In kuka ji tsit a tsakiyar abin, kada ka ruga bakin ruwa dubiya. Idon guguwar ne ke wucewa, iskar za ta dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta.

Na san shekara nawa ka yi kana tara kuɗin jirgin nan, na kuma san shi ne gidanka. In ya nutse, filina na bayan gari yana nan, za mu sayar mu taimaka maka. Mahaifiyarka ta ji wannan maganar, ba ta musa ba.

Ka samo wa amaryata da uwarta ɗaki mai ginin siminti, nesa da bakin ruwa, da ruwan sha da fitila. Kafin magaribar gobe ina son hotonku ku uku a cikinsa.

Allah ya tsare ku, ya yi maka albarka.

Mahaifinka