Takardar Koke Kan Neman Raba Jihar Kano da Abin da Zai Haifar ga Zaɓen Shugaban Ƙasa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun dagatai da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu talakawanka na wannan gunduma ta Kudancin Kano, manoma da 'yan kasuwa da malaman makaranta, muna gabatar da wannan koke game da takardun neman ƙirƙiro sabuwar jiha da ake yawo da su a ƙauyukanmu. Ranar kasuwa ake zuwa da su, ko bayan an idar da sallar Juma'a, a buɗe tawada a kan benci, a ce wa dattijon da bai iya boko ba ya dangwala yatsa a ƙasan rubutun Turanci, domin za a kawo titi da asibiti da aikin gwamnati. A cikinmu akwai masu son Jihar Tiga, wato sabuwar jihar da ake neman a yanka daga Kano, akwai masu ƙi, kuma ba mu zo neman ka ɗauki ɓangare ba. Kukanmu shi ne babu wanda ya bayyana wa jama'a cewa jan sabuwar iyaka yana taɓa lissafin da ake bi wajen ayyana shugaban ƙasa, kuma dangwala yatsa a haka cinikin biri a sama ne.

Sashe na 134 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya gindaya wa ɗan takara sharaɗi biyu: ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja. Sharaɗin farko bai damu da iyaka ba, domin ƙuri'ar mutumin Rano ɗaya ce ko sunan jiharsa Kano ko Tiga. Na biyun kuwa kacokan a kan adadin jihohi da inda iyakokinsu suka bi ya rataya.

Mu Kanawa bai kamata a ba mu labarin wannan ba, tunda a kan ƙuri'unmu aka yi shari'ar da ta fi kowace shahara. A 1979 jihohi 19 ne, kashi biyu cikin ukunsu kuwa 12 ne da ɓurɓushin kashi biyu cikin uku na jiha guda. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, ƙuri'u 243,423 Shagari ya samu daga cikin 1,220,763, wato bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Cif Obafemi Awolowo ya garzaya kotu yana cewa ba a gutsura jiha, sai dai a ce 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a ɗauki kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano a fitar da rubu'insu, wanda bai wuce 203,000 da 'yan kai ba, kuma Shagari ya haura shi. A ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar a miƙa mulki, Kotun Ƙoli ta bar wa Shagari nasararsa. Ko mutum ya gamsu da hukuncin ko bai gamsu ba, abin lura shi ne adadin jihohin da Janar Murtala Muhammad ya tsayar a 1976 shi ya jefa ƙasa cikin wannan gardama, alhali ba don zaɓe aka yanka su ba. A lokacin ma Jigawa tana cikin Kano, sai a 1991 aka fitar da ita.

Yau jihohi 36 ne, adadin da ke rabuwa uku ba saura. Amma a Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta ce Abuja ba ta da wani fifiko, ana lissafa ta tamkar sauran jihohi, wanda ya mai da su 37, ɓurɓushin nan ya dawo. A Fabrairun 2025 kwamitin Majalisar Wakilai mai duba tsarin mulki, ƙarƙashin Mataimakin Kakaki Benjamin Kalu, ya sanar da buƙatun sababbin jihohi 31, har da guda biyu daga Kano. Da za a amince da su duka, jihohi za su zama 67, da Abuja 68, ɗan takara kuma zai buƙaci 45 da kashi ɗaya cikin uku na jiha, irin lissafin da ya kai mu kotu a 1979.

Ranka ya daɗe, akwai abin da ya fi wannan damun mu, shi ne wanda zai riƙe alƙalamin jan iyakar. A zaɓen 2023 Sanata Rabi'u Kwankwaso ya samu ƙuri'u 997,279 a Kano, Bola Tinubu ya samu 517,341, wanda ya ba shi kusan kashi 30 cikin ɗari, ya cika sharaɗin a jiha ɗaya. Da Kano uku ce, waɗannan ƙuri'u za su iya ba Tinubu jihohi uku, ko biyu, ko ɗaya, gwargwadon ƙaramar hukumar da aka jefa nan da wadda aka jefa can, ba tare da mutum ko ɗaya ya sauya ra'ayinsa ba. Haka kuma dokar ta ce idan ba wanda ya cika sharuɗɗan, za a je zagaye na biyu tsakanin mai ƙuri'u mafi yawa da wanda ya lashe jihohi mafi yawa cikin sauran. A 2023 Atiku Abubakar ya lashe jihohi 12, Peter Obi ya lashe 11 da Abuja. Ƙarin jiha ɗaya tak a yankin ɗayansu zai iya tantance wanda zai shiga zagaye na biyu da an kai ga haka. Ɗan siyasa ya san wannan sarai, talaka ne kawai ba a faɗa wa ba.

Hikimar sharaɗin ita ce tilasta wa mai neman mulki ya ƙetare yankinsa. Arewa tana da jihohi 19, Kudu 17, babu ɓangaren da zai kai kashi biyu cikin ukun da ake buƙata shi kaɗai. Idan aka yi ta yanka jihohi ba tsari, kowane yanki yana tsere da ɗan'uwansa, wannan ma'auni zai karkata, kuma kowace sabuwar jiha tana zuwa da sanatoci uku.

Sashe na 8 ya ba mu damar magana, domin ba a kafa jiha sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar tarayya da na jiha da kansilolin yankin sun sa hannu, sannan kashi biyu cikin uku na jama'ar yankin su amince a ƙuri'ar raba gardama. In ban da Jihar Tsakiyar Yamma a 1963, sojoji ne suka yanka dukkan jihohinmu ba tare da an tambayi kowa ba, don haka ba mu so a wannan karo ma a mai da tambayar ta zama jeka-na-yi-ka.

Saboda haka muna roƙonka da ka umarci dagatai da masu unguwanni su dakatar da karɓar dangwale a gundumarka har sai an fassara takardun zuwa Hausa an karanta su a bainar jama'a, tare da sunayen ƙananan hukumomin da ake son shigarwa da dalilin zaɓen kowace. Muna kuma roƙon ka kira taro a ƙofar fada, ka gayyaci kansilolinmu da 'yan majalisarmu da lauyan da ba ya cikin wata jam'iyya, a yi bayanin Sashe na 8 da na 134, a bar mata da matasa su yi tambaya. Daga ƙarshe muna neman ka isar da wannan koke ga Majalisar Mai Martaba Sarki, domin ta shawarci wakilanmu a Abuja kada su goyi bayan ƙarin ko da jiha ɗaya sai an rubuta a fili cikin kundin yadda za a yi da ɓurɓushin lissafi idan adadin jihohi bai rabu uku daidai ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nasara.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
al'ummar wannan gunduma.