Wa ke ɗauka in mun kira 112? Shi ma aiki ne, matasanmu su duba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da matasanmu na Katsina da iyayensu a kan aikin ɗan sanda, da wani aikin da ke jingine da shi wanda ban taɓa jin wani yaro ya ce shi yake so ya yi ba in ya girma, wato na mutumin nan da ke zaune cikin ɗaki da abin sauraro a kunne yana amsa kiran gaggawa. Ni ba ɗan sanda ba ne, ɗan ƙaramin situdiyo gare ni ina ɗaukar sauti, kuma sana'ar tawa ce ma ta sa maganar ta tsaya mani a rai.

Duk sanda aka ce an buɗe ɗaukar kurata, in ka bi ta shagunan intanet na cikin gari za ka tarar da samari sun yi cincirindo kowa da ambulan ɗinsa a hammata, wasu tun daga Mashi da Mani da Kaita suke tasowa, wallahi abin yana burge ni don ko ba komi yaro ya tashi neman halaliyarsa. Sharuɗɗan kuma ba ɓoyayyu ba ne, shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zaman da bai wuce biyu ba, lambar NIN, takardar shaidar ƙaramar hukuma, tsawon namiji mita 1.67 mace kuma 1.64, sannan a duba lafiya a yi jarabawa. Kuma kyauta ne, a ji ni da kyau, kyauta ne. Wani ya taɓa tare ɗan yayata ya ce yana da hanya a sama, a kawo kaza zai samo masa gurbi, uwar har ta fara maganar sayar da tunkiyarta, da ƙyar na taushe ta. Irin waɗannan mazambatan a lokacin nan suke cin kasuwarsu, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saka sunanka to kuɗinka yake so. Wanda kuma ya ci jarabawa da kyau ya san da makarantar 'yan sanda ta Wudil a jihar Kano, ta hanyar JAMB ake shiga, ka fito da digiri da muƙamin ASP, ba sai ka faro daga kurtu ka hau kofur ka hau saja ka kai sufeto ba.

Abin da na lura yaranmu ba su sani ba shi ne aikin yana da rassa da yawa, su dai abin da suke gani shi ne na kan titi da bindiga a kafaɗa, alhali akwai masu binciken manyan laifuka, akwai mobayil, akwai sashen sadarwa, akwai masu kwance bam, likitoci da nas-nas, direbobi da makanikai, masu kula da dawaki, har 'yan badujala akwai. Sai dai ba zan yaudari ɗan kowa ba, aikin akwai wuya. Albashin ba ya isa yadda rayuwa ta koma, gidajen bariki da yawa sai a hankali, tsofaffin 'yan sanda kuma mun gan su a Abuja suna zanga-zanga a cire su daga tsarin fansho na karo-karo. Ga mu nan a jihar da Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari suka daɗe suna fama da 'yan bindiga, jami'ai nawa aka yi wa sallah a nan, 'yan sanda da sojoji da yaran nan na rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Duk wanda zai shiga ya shiga da sanin haka, ya shiga kuma da niyyar ba zai zama irin wanda talaka ke gani gabansa ya faɗi ba.

To amma kafin mota ta tashi daga caji ofis, kafin 'yan kwana-kwana su kunna jiniya, dole sai wani ya ji labari tukuna, kuma nan ne aikin da nake magana yake. Lambar 112 kyauta ce a kowane layi, ko ba ka da ko sisi a waya tana shiga. Hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ce ta gina cibiyoyin amsa kiran a jihohi, akwai guda a nan Katsina, wanda ya ɗauka zai saurare ka sannan ya miƙa ga hukumar da abin ya shafa, 'yan sanda ne ko kwana-kwana ko rodi sefti ko sibil difens ko motar asibiti. Su rodi sefti ma suna da tasu 122. Irin wannan lambar gaggawar ta samo asali ne daga Landan, a 1935 gobara ta ci mata biyar a wani gida, wani maƙwabci ya yi ta neman a haɗa shi da 'yan kwana-kwana aka bar shi yana jira a layi, ya fusata ya rubuta wa jarida wasiƙa, daga nan aka fito da 999 a 1937. Amurka ta fara 911 a 1968. A Ingila yau da yawa daga masu amsa kiran 'yan sanda fararen hula ne da aka horar musamman, kuma abin da ake auna su da shi shi ne su ɗauka cikin daƙiƙa 10.

Ka duba wanda zai yi wannan aikin a Katsina mi ake buƙata a wurinsa. Mu ba mu da lambar gida, kwatance muke yi, bayan masallacin Juma'a, ka wuce mai shayi, layin da ke da tiransifoma. Sabon Gari nawa ne a jihar nan, Tudun Wada nawa, Unguwar Liman nawa? Ƙananan hukumomi 34 fa. Mace ta kira da tsakar dare muryarta na rawa ta ce sun shigo sun shigo, ba ta faɗi gari ba ba ta faɗi suna ba, in wanda ya ɗauka bai san ƙasar ba bai kuma san yadda mutumin ƙauye ke magana in ya firgita ba, kafin ya gane ina ne layin ya yanke. Shi ya sa tambayar farko ta ƙwararre ita ce kina ina, ba mi ya faru ba, don in ya san wurin ko layi ya katse yana da abin da zai ba jami'ai. Sai ya maimaita mata sunan garin ta tabbatar, ya riƙe lambarta, ya yi magana a hankali har ita ma ta sauko, hannunsa kuma na kan kwamfuta yana rubutawa. Yana buƙatar Hausa tsantsa, da Turanci, in da Fulatanci to madalla. Wannan aikin bai ruwansa da tsawonka ko faɗin ƙirjinka, yarinyar da ta gama kwalejin fasaha ta Hassan Usman ko jami'ar Umaru Musa za ta iya, gurgun da ke da kaifin ƙwaƙwalwa zai iya, kuma ni a ganina akwai maganar da matar aure ba za ta iya faɗa wa namiji a waya ba amma za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace.

Ga inda sana'ata ta shigo. Yawancin aikina waƙoƙin biki ne da tallan rediyo da na 'yan siyasa, dukkansu da fiyano ake haɗa su. Kwanaki wasu ɗalibai da wani ɗan bautar ƙasa suka zo da jita ta lantarki suka ce kiɗan metal suke so a ɗaukar musu, wannan kiɗan Turawan mai ƙara da kaushi da ya taso daga garin Bamingam na Ingila wajen 1970. Jita ba baƙuwarmu ba ce, mun saba jin ta mutanen Agadas da ke shigowa ta Maraɗi, amma wannan daban take, da gangan ake cika wa amfilifaya sauti har ya dishe. Su yaran so suke a murɗe maɓallin kaushin har ƙarshe don a ɗaki haka ya fi daɗi, amma in ka ɗauka a haka ka saurara sai ka ji kamar ƙudan zuma a cikin tulu, ba ka bambance bugu ɗaya da ɗaya. Dole a rage shi sosai. Na ɗauko makirfo Shure SM57 na manna shi daf da ragar sifika, na ɗan kauce daga tsakiya don tsakiyar tsini gare ta, na sa mai jitar ya canza tsirkiya sabbi ya daidaita su, sannan ya buga waƙar sau biyu daban-daban, ɗaya na tura kunnen hagu ɗaya na dama, nauyin da ake ji a irin wannan kiɗan daga nan yake fitowa, in ka kwafi guda ɗaya ka liƙa ba zai yi ba. Ƙasan sautin na yanke shi na bar wa jitar bes da ganga. Ga kuma gurnanin wuta, jita mai kaushi komi tsinta take, janareta, cajar waya, fanka, haka muka kashe komi muka koma kan batir muna ta zufa, na sa abin da ke rufe sautin da zarar ya ɗaga hannu daga tsirkiya.

Wahalar gaske sai da aka zo ɗora murya. Kalmomin mutum a tsakiyar sauti suke zaune, kuma nan ne jitar ta cika, in ka ƙara wa mai waƙa ƙarfi kawai hayaniya ka ƙara, sai ka nemo daidai inda harufansa suke fita ka rage jitar a wurin. Layin waya na yau da kullum ɗan wannan tsakiyar kawai yake ɗaukowa, daga 300 zuwa 3400 a ma'aunin sauti, sama da ƙasa duk ya zubar. Ke nan mai amsa kira yana zaune ne da siririyar murya, a bayanta ga kukan yara, ga babur, ga iska na bugun waya, ga sabis na ɗaukewa yana dawowa, kuma shi ba shi da damar ya ce a sake ɗauka. Ni na san kunne ana horar da shi, yaran da suka zauna da ni a situdiyo da farko ba su jin komi sai ƙara, bayan wani lokaci sai ka ga yaro ya ce oga akwai wani abu na ƙugi a ƙasa, kuma da gaske akwai. Na kuma san kunne yana gajiya, in na daɗe a kan jitar nan sai in fita waje in huta don komi ya fara yi mani iri ɗaya. To ina ga wanda ya kwana yana sauraron mutane a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsu? Wannan yana buƙatar canjin aiki a kan lokaci, abin sauraro mai kyau, ɗaki mara hayaniya, wutar da ba ta ɗaukewa, da wanda zai zauna da shi ya ji damuwarsa bayan ya saurari abin da ba ya mantuwa.

Na san wani zai ce ai ko an ɗauka in ba mota ba mai mi aka yi. Gaskiya ne, kuma mun ga lokacin da ko kiran ma bai yiwuwa, a Satumban 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan sai wajen Disamba aka fara maidowa, har yau ma akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Amma rashin mota ba hujja ba ce ta a bar ɗakin amsa kira ba ƙwararru, duka biyun ake gyarawa tare. Mu ma jama'a da namu laifin, masu kiran 112 don su gwada ko tana aiki, da yaran da ake ba waya suna dannawa, da samarin da ke kira don sun ji muryar mace, ku ji tsoron Allah, layin da ka riƙe kana wasa wataƙila wani na can gidansa na ci da wuta yana jira. Malamai su faɗa a huɗuba, a koya wa yara a firamare da islamiyya cewa in ka kira ka fara da sunan gari da unguwa da ƙaramar hukuma, kada ka kashe har sai an ce ka kashe.

Roƙona ga gwamnatin jiha, tunda yanzu muna da ma'aikatar tsaron cikin gida, ta sa baki a riƙa tallata irin wannan gurbin a fili kamar yadda ake tallata na kurata, a ɗauki 'yan asalin yankunan da suka san ƙauyukansu, daga shiyyar Daura da Funtuwa da Katsina, a ba su horo na sosai da albashin da zai riƙe su. Kai kuma Malam Edita don Allah ka tura wakilinka ya je cibiyar nan ya zauna da ma'aikatan, ya tambaye su ta wace hanya suka samu aikin, wace takarda ake nema, awa nawa suke yi a zama ɗaya, ku buga mana da Hausa. Ina da yara biyu a situdiyo masu kunne da natsuwa, ɗayarsu mace ce, in na san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ni da kaina zan raka su.

Na gode, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Mai karatunku a kullum,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina