Jan da ke cikin wuskin nan ba rini ba ne

Malam Edita, ranka ya daɗe.

Na karanta gargaɗin da kuka buga kan kwalaben barasa na jabu da ke yawo a garuruwanmu, kuma na yaba. Wuri ɗaya ne marubucin ya zarce, inda ya ce duk wuskin da aka ga ya yi ja-ja to rini aka zuba masa. In yaranmu suka kama mu da ƙarya ɗaya, sauran nasihar ma watsar da ita za su yi.

Ni Musulmi ne, ban taɓa kai ta baki ba. Amma na daɗe ina aikin sabis a wani otel a Yamai, zamanin da masu yawon buɗe ido ke wucewa Agadas, kuma mai zuba wa baƙi ba ya iya toshe hancinsa.

Akwai wuskin Sikotilan da ake yi da tsiron sha'ir zalla, a masana'anta ɗaya, a tukwanen jan ƙarfe. Dokarsu ta 2009 ta ce sai ya kwana aƙalla shekara 3 cikin gangar katako a can ƙasar, ƙarfinsa kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Fari fat yake fitowa daga tukunya. Ganga ce ke ba shi launi. Gaskiya dokar ta yarda a ɗiga ƙonannen sukari don daidaita launi, nan marubucinku yana da ɗan abin kamawa, amma wannan ruwan zuma yake bayarwa, ba ja ba.

Jan daga Fotugal yake zuwa. A kwarin kogin Douro ana yin giyar inabi mai zaƙi da ake kira Porto, ana ajiye ta a dogayen gangunan da ke cin kusan lita 550. In an juye ta, sai mutanen Sikotilan su sayi gangar, su zuba wuskin da ya riga ya tsufa, ya ƙarasa zamansa a ciki. Katakon da ya sha inabi shekara da shekaru sai ya mayar da bashi. Duk matar da ta taɓa zuba sabon turare a tsohuwar kwalbar humra ta san wannan aikin. Haka ake yin wuskin Quinta Ruban na masana'antar Glenmorangie mai shekara 14, da PortWood na masana'antar Balvenie mai shekara 21. Kowace shekara kuma kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska, shi ya sa kuɗinsa ke sa mutum ya dafe ƙirji.

Masu sanin abin ba sa kwankwaɗa. Akwai wani dattijo Bafaranshe da ke hana ni kawo ƙanƙara ko da zafin Afrilu, wai sanyi na rufe ƙamshi. Ɗan kaɗan zan zuba a kofin gilashi mai tsukakken baki, ya ɗaga ya duba a haske, ya shinshina baki a ɗan buɗe, ya ɗiga ruwa, sannan ya jira. Daga inda nake tsaye nakan ji busasshen inabi da ɓawon lemu, da wani abu kamar dabino da ya daɗe a buhu. Shi kuwa ya ce a harshe akwai cakulan mai ɗaci da ɗan yaji a ƙarshe. Kofi ɗaya ya kai shi har a rufe wurin. Abokin aikina, wani Kirista ɗan Togo, ya ɗanɗana ya ce zaƙin ya yi masa yawa, don haka ba kowa yake burgewa ba.

Abin da ake sayar wa samari a lungunan Damagaram da kuɗin farantin shinkafa bai taɓa ganin ganga ba. Warinsa na sinadari ne, yana dukan hanci tun kafin a matso, kuma in da metanol, wani sinadari mai guba, a ciki yana iya makantar da mutum ko ya kashe shi. A nan ya kamata wakilinku ya tsananta bincike: wa ke cika tsofaffin kwalabe, ta wace hanya suke shigowa?

Na gode.

Tsohon ma'aikacin otel,
Unguwar Zango, Damagaram