Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Aikin Ƙungiyarku

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso ni, na kuma yi murna da jin cewa kun kafa ƙungiyar yaƙi da cin zarafin mata da 'yan mata, har sun ɗora maka aikin sakatare. Allah ya taya ka riƙo. Ka nemi shawarata kan gangamin da kuke shirya wa ranar 25 ga Nuwamba, to ga ta, ko da wani ɓangarenta ba zai yi maka daɗi ba.

Gangamin dai ku yi shi. Ranar tana da tarihi, domin a irinta ce, a 1960, aka kashe 'yan'uwa mata uku 'yan gidan Mirabal a Jamhuriyar Dominika saboda adawa da mulkin kama-karya na Trujillo, mai mulkin ƙasar a lokacin, sannan a 1999 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta don wannan batu. Ni damuwata washegari ce, bayan an naɗe alluna kowa ya koma gidansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata, kuma galibi daga hannun miji ko wanda take tare da shi. A 2023 kaɗai, mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne mazajensu ko danginsu suka kashe, wato wajen 140 a kowace rana. Ka ga ke nan ɓarnar a cikin gida take faruwa. Ɗan sanda sai bayan an gama yake zuwa, in ma an kira shi. Wanda yake jin ihun a lokacin da ake yi shi ne maƙwabci.

Shi kuwa maƙwabci me yake cewa? "Tsakanin miji da mata sai Allah." Sai ya gyara kwanciya. Wannan shirun ne nake so ƙungiyarku ta sa a gaba. A Indiya, a 2008, wata ƙungiya ta fito da wani shiri mai suna Bell Bajao, wanda ya nemi maza su yi abu ɗaya tak: in ka ji ana dukan mace a gidan kusa, je ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka nemi aron wani ɗan abu ko ka tambayi ƙarfe nawa. Ba faɗa, ba wa'azi. Mai dukan dai ya san an ji shi, ita kuma ta san akwai mai ji. Dabarar ta burge ni saboda ko matsoraci zai iya yin ta.

Wanda ya fi wannan zurfi shi ne SASA!, shirin da ƙungiyar Raising Voices ta tsara, wata ƙungiyar kuma ta gudanar da shi a Kampala ta ƙasar Uganda. Sun horar da mutanen unguwa, maza da mata, 'yan sa-kai, suka bar su suna tattaunawa da jama'a a wuraren da aka saba zama ana hira. Ba su fara da zargin maza ba. Sun fara ne da maganar iko: wa yake da shi a cikin gida, kuma yaya yake amfani da shi? Binciken da aka yi tsakanin 2007 da 2012 ya nuna dukan mata ya yi ƙasa da kusan rabi a unguwannin da aka yi aikin, idan aka gwada da waɗanda ba a yi ba. Lura da shekarun, aboki. Aikin shekaru ne, ba na yini guda ba.

Shi ya sa zan tambaye ka: maza nawa ne a ƙungiyar taku? Namijin da yake dukan matarsa bai cika damuwa da jawabin baƙo ba, amma yana jin kunyar abokan zamansa da dattawan da yake girmamawa. Ko shirin nan na maƙala ɗan farin ƙyalle a riga don nuna ƙin cin zarafin mata, maza ne suka fara shi a Kanada a 1991, bayan wani ya harbe mata 14 a wata makarantar injiniya a Montreal a 1989.

Sai abin da ya fi ɗaga mini hankali, wato yadda ake karɓar wadda abin ya shafa. Kada ku zama masu cewa "yi haƙuri ki koma" kafin a san ko rayuwarta na cikin haɗari, domin lokacin da mace take ƙoƙarin barin mai dukanta yana daga cikin lokutan da aka fi kai mata mummunan hari. A saurare ta, a yarda da ita, a riƙe mata sirri, a bar ta ta zaɓi matakin da za a ɗauka. Idan fyaɗe ne, asibiti ne farko: maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Iyaye da yawa suna ɓata waɗannan awanni wajen neman rufin asiri, musamman da yake mai laifin sau da yawa wanda yarinyar ta sani ne. Fyaɗe kuma ba abin sulhu ba ne, ko da wa ya zo roƙo.

Don haka kafin ku kashe kuɗi a kan riguna da lasifika, ku san asibitin da za ku kai mutum da tsakar dare, da lauyan da zai tsaya kyauta, da gidan da mace za ta kwana cikin aminci in ta gudo. Ku rubuta lambobinsu, kowane ɗan ƙungiya ya riƙe a wayarsa.

Ka sanar da ni abin da kuka yanke a zamanku na gaba, ina son jin ko dattawan sun yarda su shigo. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Naka,
Amininka