Godiya Ga Asibitin Dabbobi Na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru

Zuwa ga shugaban Asibitin Koyarwa na Likitancin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da likitocinsa, da ɗalibansa, da masu shara da wanke-wanke na sashen ƙananan dabbobi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne in biya wani bashi da na daɗe ina ɗauke da shi. Na so in kawo takardar da hannuna, sai mahaifiyata, Hajiya, ta ce a'a, a bainar jama'a aka yi mana dariya ranar da muka zo wurinku, don haka a bainar jama'a za a yi godiyar. Maganar tsohuwa ba a ja da ita.

A gidanmu da ke Tudun Wada akwai mage ɗaya da kare ɗaya. Magen ta Hajiya ce, Amarya take ce mata, wai don ba ta aikin komai sai kwalliya da cin daɗi. Tun bayan rasuwar mahaifinmu ita ce abokiyar hirarta. Da asuba, kafin a idar da salla, tana zaune a gefen darduma tana jira. In ana gyaran kifi ita ce ta farko a bakin murhu. Kyanwar Lami ce ta gaske, ba cizo ba yakushi, amma fa tun zuwanta ba mu sake ganin kashin ɓera a buhun masara ba. Shi kuwa karen, Duna, na kawo shi ne bayan ɓarayi sun haura mana katanga sau biyu sun ɗauke awaki. Wurinsa bayan gida ne kusa da garke, ba ya shiga ɗaki, kuma kwanonsa daban. Abin da ke ba baƙi mamaki shi ne su biyun ba sa faɗa. Da rana tsaka za ka iske su ƙarƙashin darbejiya, shi ya miƙe a kan tsohon buhunsa, ita ta lafe a gefe.

Wannan buhun ne ya so ya zama ajalinta, kuma ni ne sila.

Farkon damina kaska ta yi wa Duna yawa, kunnuwa da tsakanin yatsu duk sun cika. Maimakon in tambayi masu abin, sai na sayi 'yar kwalbar piya-piya wurin wani mai talla a kasuwa. Na ɗaure karen a ƙofar gida don kada warin ya dame shi, na jiƙe buhunsa da gindin bango da maganin, na shiga ɗaki ina ganin na yi dabara. Ban tuna da mage ba. Ta je ta yi birgima a kan buhun kamar yadda ta saba, sa'an nan ta zauna ta lashe jikinta tas. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Kafin la'asar muka same ta bayan randa, yawu na dalala, jiki na kyarma, ƙwayar idonta ta tsuke ta koma kamar ɗigon biro. Nan da nan gida ya cika da masu shawara. Wannan ya ce a ɗura mata manja, wancan ya ce madara. Mai ɗakina ta ɓallo farasitamol ta daka, Allah ya sa magen ta datse haƙora ta ƙi karɓa. Wani maƙwabci ya leƙo, da ya ga yawun sai ya ja da baya ya ce haukar kare ce ta ɗauka wurin Duna, a sa yara su kashe ta kafin ta ciji wani. Hajiya dai ba ta tanka wa kowa ba. Mayafinta ta ɗauko, ta sa aka kawo kwalin taliya, ta shimfiɗa tsohon zane a ciki, ta ce mini, “Tashi mu je Samaru.”

Ba zan ɓoye muku ba, na ji kunya. Magidanci da furfura a gemu, riƙe da kwali ana kuka “miyau” a ciki. Mai a-daidaita-sahun da ya ɗauke mu tun daga Tudun Wada yake murmushi, da muka wuce Kwangila ya kasa haƙuri ya ce, “Alhaji, yanzu mage za a kai asibiti? Mutane ma ba su samu ba.” Sauran fasinjoji suka kwashe da dariya. Ban ba shi amsa ba, domin a lokacin ni ma a raina abin da nake faɗa ke nan.

Abu na farko da zan gode muku a kai ƙarami ne, amma shi ya fi tsaya mini a rai: babu wanda ya yi dariya. Wani ɗalibi cikin farar riga ya tarye mu, ya rusuna ya gaida Hajiya, ya karɓi kwalin da hannu biyu. Da zai buɗe kati ya ce, “Mama, yaya sunan mara lafiyar?” Ta ce, “Amarya.” Ya rubuta, ya tambayi shekarunta da abin da take ci, fuskarsa kamar wanda ke karɓar bayanin jariri. A nan na ga kafaɗun tsohuwa sun sauka.

Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta da yawan magana. Ta buɗe idon magen, ta shinshina gashinta, ta juyo ta ce, “Baba, me aka fesa a gidan yau?” Wallahi sai da na yi jim. Da na faɗa mata, ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ɓata lokaci ba. Aka yi wa Amarya allura, aka sa safar hannu aka wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗumi har sau biyu, aka tsane ta, aka sa mata ƙarin ruwa ta jijiyar ƙafar gaba. Ban taɓa sanin ana yi wa mage ƙarin ruwa ba sai ranar. Wani ɗalibi ya tsaya riƙe da ƙafar, kowane ɗan lokaci yana duba numfashinta yana rubutawa. Muna zaune a benci muka ga dalalar ta fara tsayawa.

Sai da hankali ya kwanta likitar ta zauna ta yi mana bayani da Hausa, dalla-dalla. Ta ce irin gubar da ke cikin piya-piya tana rikita jijiyoyi ne, shi ya sa yawu da kyarma da tsukewar ido, kuma allurar da aka yi, atrofin, ita ke kwantar da waɗannan alamomin. Ta ce mage da harshe take wanka, saboda haka duk abin da ya taɓa gashinta ya shiga cikinta. Har maganin kaska na kare na gaskiya ma akwai wanda in ya taɓa mage zai iya kashe ta. Da na ba ta labarin farasitamol, sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tak na iya gamawa da ita. Ɗura manja ko madara ga dabbar da ke kyarma kuwa, yana iya bin hanyar numfashi ya shaƙe ta. Ta ƙara da cewa mu rage zuba musu ragowar miya mai albasa da tafarnuwa da yawa, domin suna lalata jinin kare da mage. Hajiya, wadda ta shekara tana raba miyarta da Amarya, ta ce, “To, Allah na tuba.”

Sa'an nan ta yi tambayar da ban zo da shirinta ba: “Shi karen, yaushe rabonsa da allurar rigakafin hauka?” Na ce ai lafiyarsa ƙalau, ba ya fita. Ta ce, “Yara suna wasa da shi?” Na yi shiru. Autata kullum tana bayan gida tana ja masa kunne.

Abin da na koya a wannan zama ya girgiza ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare na kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan masu kamuwa ta hanyar kare suke ɗauka. Da zarar alamomi sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Alhali rigakafin abin ya daɗe a duniya: tun 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allurar a Faransa ya tsira, kuma ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da ciwon a duniya. A nan gida ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana haɗa rigakafin karnuka. Ni da ke zaune a gari ɗaya da ku, na yi shekara uku da kare a gida ban taɓa kai shi ba.

Sati na zagayowa na kawo Duna. Aka yi masa allurar, aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka nuna mini maganin kaska da ya dace da yadda ake auna shi, da gargaɗin a raba shi da magen har ya bushe. Amarya ma da ta murmure aka yi mata tata. Aka ba ni kati biyu masu ɗauke da kwanan wata, aka ce duk shekara a sabunta. Mai ɗakina ta saka su a jakar da muke ajiye takardun haihuwar yara, ina yi mata tsiya.

Bayan wata biyar katin nan ya raba ni da rigima. Yaron maƙwabta ya haura katanga ɗauko ƙwallo, ya dira kusan a kan Duna yana barci, shi kuwa ya kai masa cafka a sha-raɓa. Ciwon bai yi zurfi ba, amma unguwa ta ɗauka. Matasa har sun fara tattaro duwatsu. Abin da kuka koya mini shi na yi: na zaunar da yaron a bakin famfo, na wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur ina duba agogo, ban bari an shafa toka ko an ɗaure ba, sa'an nan ni da mahaifinsa muka kai shi asibitin mutane. Na fito da katin na nuna wa ma'aikatan, na nuna wa mai unguwa. Da na kira lambar da kuka ba ni, aka ce in tsare karen kwana 10 ana lura da cinsa da shansa da halinsa, in an ga wani canji a kawo shi nan take, kuma duk abin da likitan yaron ya ce a yi, a yi, kada a ce za a jira. Kwana goma suka cika Duna na cin tuwonsa yana kaɗa jela. Yaron ya warke. Mahaifinsa, wanda shi ne ya ce a kashe Amarya tun farko, yanzu shi ke tambayata hanyar asibitinku saboda tumakinsa.

Na sha tuna maganar mai a-daidaita-sahun nan. Yana da gaskiyarsa, mutane na shan wahala kafin su ga likita, kuma ban raina wannan ba. Sai dai da zan sake haɗuwa da shi, da na ce masa allurar da aka yi wa karena ta autata ce da 'ya'yan maƙwabta. Kuma tun muna makarantar allo aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mun haddace, amma in aka ga mutum ya ɗauki mage zuwa asibiti sai a ce ya rasa aikin yi. Ku ne na ga kuna aiki da karatun, ko da kuwa ba da wannan niyya kuka fito daga gida ba.

Ga roƙo ɗaya, tunda an ce yaba kyauta tukwici. Ku ƙara shigowa unguwanni, ku ƙara magana a rediyo da Hausa, musamman gab da damina. Masu karnukan farauta da na gadi suna da yawa a kewayen Zariya, kuma da dama cikinsu ba ƙin allurar suke yi ba, ba su san da ita ba ne, kamar yadda ni ban sani ba. Wanda ya ga ɗalibanku sun durƙusa suna gaida tsohuwa mai kwalin mage, ba zai ji nauyin kawo nasa ba.

Shawara ɗaya ce taku ba ta karɓu ba. Likita ta ce in muna so a yi wa Amarya aiki don ta daina haihuwa, tunda mage na iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma ƙarshen 'ya'yan a ƙulle su a buhu a jefar a bola. Ni na gamsu. Hajiya ta ce ba a gidanta ba, wa ya taɓa ganin amaryar da aka hana haihuwa? To, makon jiya ta haifi huɗu a cikin adakar Hajiya, a kan atamfar da take ajiya don bikin jikarta. Tsohuwa ta yi faɗa na minti biyu, sa'an nan ta aika a sayo kifi. An riga an yi kamun uku a unguwa, kuma sharaɗin Hajiya ga duk mai so shi ne sai sun cika wata uku an kawo su wurinku an yi musu allura tukuna. Don haka ku saurari zuwanmu, da kwalin taliyar nan dai.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba ɗalibanku sa'ar jarrabawa, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Hajiya na gaida likita, ta ce a faɗa mata ta daina sa albasa a kason Amarya.

Naku,
Wani magidanci daga Tudun Wada, Zariya.